Gadon zama ɗan ƙasar Ayalan ta hanyar iyaye da kakanni: wa ya cancanta?

Hajiya Rabi, Kaduna

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga 'yan'uwanmu mazauna Ayalan da duk wanda ya san dokokin ƙasar. A Dublin na haifi 'yata ta fari a shekarar 2002, lokacin da mahaifinta yake aiki a wani asibiti a can, muka dawo gida tana ƙarama, kuma tun daga lokacin ba ta sake taka ƙasar ba. Fasfon Ayalan da aka yi mata tana jaririya ya daɗe da ƙarewa. Yanzu ta yi aure, tana da juna biyu, kuma a Abuja za ta haihu in Allah ya yarda. Dangin mijinta sun rabu biyu: wasu na cewa dole ta tafi can ta haihu idan ana so yaron ya samu takardun ƙasar, wasu kuma na cewa tun da aka sauya doka a 2005 ita kanta ta rasa haƙƙinta. Wace magana ce gaskiya?

Malam Nasiru, Limerick

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya sauke ta lafiya. Duka maganganun biyu ba daidai ba ne. Sauyin da aka yi ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairu 2005, kuma bai koma baya ya shafi waɗanda aka riga aka haifa ba. Duk wanda aka haifa a tsibirin Ayalan kafin wannan rana yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa ko da iyayensa baƙi ne, in ban da 'ya'yan jami'an diflomasiyya da suke da nasu hukunci daban. 'Yar tseren nan Rhasidat Adeleke, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ita ma a Dublin aka haife ta a 2002. Fasfo takarda ce kawai ta tafiya, ƙarewarsa ba ta cire mutum daga cikin 'yan ƙasa.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1956, tare da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, tana duban wurin da aka haifi uba ko uwa ko kaka. Tunda 'yarku haifaffiyar Ayalan ce, ɗan da za ta haifa a Abuja ɗan ƙasar Ayalan ne tun daga ranar haihuwarsa, ba ya buƙatar wata rajista ta musamman, fasfo kawai za a nema masa da takardar haihuwarsa da ta mahaifiyarsa. Idan shi kuma ya girma ya haihu a wajen Ayalan, 'ya'yansa jikokin haifaffiyar ƙasar ne, suna da damar zama 'yan ƙasa, amma ba kai tsaye ba, sai an shigar da sunansu cikin rajistar waɗanda aka haifa a ƙasashen waje, wadda ake taƙaita sunanta da FBR, kuma Ma'aikatar Harkokin Waje ce take kula da ita. Daga wannan mataki zuwa ƙasa ne sharaɗin lokaci yake shigowa: tun daga 1 ga Yuli 1986, wanda ya yi wannan rajista yana zama ɗan ƙasa ne daga ranar da aka shigar da sunansa, ba daga ranar haihuwarsa ba. Saboda haka ɗan da ya haifa kafin rajistar ba ya gadon komai ta wajensa, wanda ya haifa bayanta ne kaɗai yake da dama.

Shawarata ita ce 'yarku ta fara sabunta nata fasfon yanzu ta ofishin jakadancin Ayalan da ke Abuja, domin aikin yaron ya zo da sauƙi.

Injiniya Bashir, Kano

Malam Nasiru, Allah ya ƙara basira. Bari in kawo nawa al'amarin, domin ya ɗan bambanta da na Hajiya, kuma ina jin da yawa daga cikinmu a nan irin nawa ne suke ciki. Ni a Kano aka haife ni. Na tafi Ayalan da izinin aiki a 2008, aka ba ni takardar zama ɗan ƙasa a 2014, na dawo gida a 2018. Ina da 'ya'ya uku. Babban an haife shi a Kano a 2007, mahaifiyarsa ta rasu, ya taso a hannun kakarsa, bai taɓa zuwa Ayalan ba. Ta biyu a Cork aka haife ta a 2013, tana da fasfonta. Ƙaramin kuma a Kano aka haife shi a 2020. Ina matsayin na farko da na ƙarshe?

Malam Nasiru, Limerick

Injiniya, Allah ya jiƙan mahaifiyar yaron. 'Ya'yan nan uku na uba ɗaya, amma kowanne da hukuncinsa. Ta biyu ta samu ne saboda a lokacin haihuwarta kun riga kun cika sharaɗin dokar bayan 2005, wato ɗaya daga cikin iyaye ya zauna a tsibirin bisa ƙa'ida na shekara uku cikin huɗun da suka gabaci haihuwa, ba tare da an ƙirga zaman karatu ko zaman jiran hukuncin neman mafaka ba. Ƙaramin yana da dama, domin an haife shi kuna ɗan ƙasa, amma da yake ku ba haifaffen Ayalan ba ne, sai an yi masa rajistar FBR kafin a nema masa fasfo. Babban kuwa ba shi da hanya ta gado ko kaɗan, saboda a 2007 ba ku zama ɗan ƙasa ba tukuna. Hanyar da ta rage masa ita ce ya samu izinin zama a ƙasar, ya zauna, sannan ya nema da kansa daga Ma'aikatar Shari'a, inda ake buƙatar zaman shekara biyar cikin tara na ƙarshe.

Akwai kuma abin da ya shafe ku ku kanku. Doka ta ba ministan shari'a ikon soke takardar wanda ya zama ɗan ƙasa ta hanyar nema idan ya yi shekara bakwai a jere a waje ba tare da yana miƙa sanarwar shekara-shekara cewa yana son ci gaba da riƙe ta ba. Wannan bai shafi 'yar Hajiya ba, tunda ita haihuwa ce ta ba ta, amma ku ya shafe ku, kuma ƙaramin fom ne da ake cikawa.

Alhaji Idi, Kumasi

Ni dai ina karanta bayanin nan ina mamakin tsarin. Ba'amurken da kakarsa ta bar Ayalan tana 'yar shekara biyu, shi kansa bai taɓa ganin ƙasar ba ko a mafarki, yana iya biyan kuɗi ya cika takarda ya zama ɗan ƙasa yana zaune a Boston. Amma yaron da aka haifa a asibitin Dublin a 2006, ya yi firamare da sakandare a can, bai san wata ƙasa ba, ana iya ce masa baƙo ne domin iyayensa suna jiran takarda ranar da aka haife shi. Ku gafarce ni, amma ni ban ga adalci a nan ba, jini aka fifita a kan zama tare.

Dakta Ummi, Dublin

Alhaji, damuwarku tana da tushe, kuma tarihin yadda aka kai ga dokar yana ƙara mata nauyi, domin 'yan Najeriya suna tsakiyarsa. A ƙarshen 1989 Kotun Ƙolin Ayalan ta yanke hukunci a shari'ar Fajujonu, wanda uban gidan ɗan Najeriya ne, cewa yaro ɗan ƙasa yana da haƙƙin zama tare da iyayensa, kuma ba za a kori iyayen ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A kan wannan hukunci ne aka yi shekaru ana ba iyayen yaran da aka haifa a ƙasar izinin zama. Sai yarjejeniyar zaman lafiya ta Ayalan ta Arewa ta 1998 ta zo, aka gyara sashe na 2 na kundin tsarin mulki, haƙƙin duk wanda aka haifa a tsibirin ya shiga cikin kundin kansa. Manufar wannan gyara ita ce a tabbatar wa mutanen Ayalan ta Arewa, wadda take ƙarƙashin Birtaniya, cewa suna iya zama 'yan Ayalan.

Daga nan al'amura suka juya da sauri. A Janairun 2003, a shari'ar Lobe da Osayande, wanda shi ma na biyun ɗan Najeriya ne, kotun ta ce haihuwar yaro ɗan ƙasa ba ta hana a kori iyayensa. A lokaci guda kuma shari'ar Chen tana gaban kotun Tarayyar Turai: wata mata 'yar Sin ta je Belfast, babban birnin Ayalan ta Arewa, ta haihu a 2000, jaririyar ta zama 'yar Ayalan, uwar ta nemi izinin zama a Birtaniya a matsayin mai kula da 'yar Tarayyar Turai. Gwamnati, ta bakin ministan shari'a na lokacin Michael McDowell, ta ce ana amfani da dokar ba yadda aka nufa ba, ana zuwa da tsohon ciki domin fasfo. Ranar 11 ga Yuni 2004 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 79 cikin ɗari suka amince da gyara na 27 na kundin tsarin mulki, wanda ya cire wa 'ya'yan baƙi haƙƙin zama 'yan ƙasa don haihuwa kawai. A shekarar da ta biyo baya gwamnati ta buɗe wani shiri na musamman ga iyayen yaran da aka haifa kafin sauyin, kusan mutum dubu 17 suka samu izinin zama, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa a cikinsu.

Abin da zan ƙara domin a yi wa ƙasar adalci shi ne, a 2023 an rage wa yaran da aka haifa a ƙasar amma ba su cancanta da haihuwa ba tsawon zaman da ake buƙata kafin a nema musu zama 'yan ƙasa, daga shekara biyar zuwa uku. Bai share ƙorafin Alhaji ba, amma ya rage shi.

Maman Ilham, Manchester

Da izinin Alhaji, ni ina ganin abin ta wata fuska. Babu ƙasa ko ɗaya a Tarayyar Turai a yau da take ba da zama ɗan ƙasa don haihuwa kawai ba tare da sharaɗi ba, Ayalan ce ta ƙarshe da ta daina, Birtaniya kuwa tun 1983 ta rufe wannan ƙofa. Mu ma a Najeriya haka muke. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 iyaye da kakanni yake dubawa, ɗan Labanan da aka haifa a Kano ba ya zama ɗan Najeriya don an yanke cibiyarsa a can, alhali 'ya'yana da aka haifa a Manchester 'yan Najeriya ne ta wajena. In za mu zargi Ayalan da fifita jini, to mu fara da kanmu.

Sannan ita Ayalan tana da dalilin da ya sa take riƙe da jikoki. Yunwar da ta afka mata daga 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira, kuma ƙaurar ba ta tsaya ba har cikin shekarun 1950 da 1980. Ƙasar da ta yi fiye da ƙarni guda tana sallamar 'ya'yanta a bakin jirgin ruwa ba abin mamaki ba ne ta bar wa zuriyarsu ƙofa a buɗe.

Alhaji Idi, Kumasi

Maman Ilham, na karɓi batun Najeriya, kuma Ghana ma hakan take. Sai dai laifin wani ba ya wanke na wani. Kuma wannan tarihin hijira da kika kawo ni a wajena hujja ce a kansu, domin mutanen da suka san ɗacin baƙunci a Ingila da Amurka su ya kamata su fi kowa tausayin ɗan baƙo. A nan zan tsaya, kada mu janye hankali daga tambayar Hajiya.

Sadiya, Jos

Iyayena da yayyena, ina da tambaya a madadin wata ƙawata. A gidansu ana cewa kakan mahaifinta Bature ne ɗan Ayalan da ya yi aikin kuza a nan Filato kafin samun 'yancin kai. Ta yi gwajin DNA na kamfanonin nan masu binciken asali, sakamakon ya nuna tana da jinin Ayalan. Wani mai harkar biza ya ce zai yi mata fasfo idan ta biya shi. Tana da dama kuwa?

Dakta Ummi, Dublin

Sadiya, ki gaya wa ƙawarki ta riƙe kuɗinta. Ita tattaɓa kunne ce ga wannan Bature, kuma tattaɓa kunne ba ya cancanta sai idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa, wato jikan, ya yi rajista kafin a haife shi. Ko Muhammad Ali, wanda kakan mahaifiyarsa Abe Grady mutumin garin Ennis na Ayalan ne, kuma garin ya karrama shi da ya ziyarce su a 2009, wannan nasaba ba ta kai ta ba shi haƙƙin rajista ba. Haka Barack Obama da danginsa na ƙauyen Moneygall, su nasu ma ya fi nisa. Akwai sashe na 16 na dokar zama ɗan ƙasa ta 1956, wanda ya ba ministan shari'a damar sassauta sharuɗɗa ga mai alaƙar jini da ƙasar, amma wannan ganin damar minista ne, ba haƙƙi ba ne, kuma a aikace ana duban ko mutum ya zauna a ƙasar.

Wanda yake da dama a gidansu shi ne mahaifinta, idan yana raye, tunda shi jika ne. Amma ko ya samu yau, ba zai gangaro mata ba, domin ta riga rajistar zuwa duniya. Shi ma kuma sai ya haɗa takardu ba tare da giɓi ba daga kakan har zuwa kansa, sakamakon gwajin kamfanonin asali ba ya maye gurbin takardar haihuwa. Inda wahalar take a irin wannan labari shi ne sau da yawa sunan Baturen bai shiga kowace takarda ta ɗan da ya haifa ba.

Malam Nasiru, Limerick

Tunda Dakta ta taɓo takardu, bari in faɗaɗa, domin a nan ne mutanenmu suka fi makalewa. Ana cika fom ɗin rajistar ta intanet, a biya Yuro 278 ga babba, Yuro 153 ga wanda bai kai shekara 18 ba, sannan a buga shi a sa hannu gaban shaida, a aika da takardun asali. Shaidar sai mutum mai aiki daga cikin jerin da suka amince da shi, kamar likita, lauya, malamin makaranta, ɗan sanda ko limami, wanda ya san mai nema kuma ba danginsa ba ne. Ana buƙatar cikakkiyar takardar haihuwa ta hukuma mai ɗauke da sunayen iyaye ga kowane mutum a cikin silsilar, da takardar aure idan suna ya sauya, da kwafin katin shaida na wanda yake raye ko takardar mutuwa ta wanda ya rasu, da hotuna da shaidar adireshi. Irin su Injiniya kuma sai sun haɗa da ainihin takardar zama ɗan ƙasa da aka ba su, domin kwanan watan da ke jikinta ne ake gwadawa da ranar haihuwar yaro.

Ɓangaren Ayalan yana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Tun 1864 ake rajistar haihuwa a ƙasar, babban ofishin rajista yana Roscommon, na Ayalan ta Arewa kuma yana Belfast, kuma kakan da aka haifa a Belfast ko Derry daidai yake da wanda aka haifa a Cork a idon wannan doka. Matsalar tana ɓangarenmu. Takardar asibiti ko katin suna ba su ne takardar haihuwa ta hukuma ba, a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take bayarwa. Sannan sai rikicin rubutun suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar haihuwa, Mamman a ta makaranta, ko a sa sunan gari a wata takarda a sa sunan kaka a wata. Jami'in da ke Dublin bai san cewa mutum ɗaya ne ba, kuma duk tambayar da ya aiko tana ƙara watanni. Hajiya, ranar da za a yi wa jariri takarda, a tabbatar an rubuta sunan uwar harafi da harafi yadda yake a takardar haihuwarta ta Dublin. Tun ran gini ran zane.

Aikin rajistar yakan ɗauki watanni da dama. Bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016 masu nema sun yi yawa ƙwarai, lokacin korona kuma aka dakatar da aikin har jira ya kai shekara biyu. Wanda yake shirin aure ko matarsa take da ciki kada ya ɗaga ƙafa, domin jaririn da ya riga takardar fitowa ya fita daga layi.

Injiniya Bashir, Kano

Na gode Malam. Wata tambaya da wani abokina ya roƙe ni in yi: shi ma ya samu takardar ƙasar, ya dawo gida ya ƙara aure. 'Ya'yan amarya suna da dama kamar na uwargida?

Dakta Ummi, Dublin

Injiniya, gadon zama ɗan ƙasa yana bin nasaba ne tsakanin yaro da mahaifinsa, ba matsayin auren ba, don haka yaron da aka haifa mahaifinsa yana ɗan ƙasa yana iya neman rajista muddin an tabbatar da cewa shi ne uban. Ita amaryar ce ba ta da matsayi. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani mutumin Labanan mai mata biyu cewa dokar Ayalan tana iya amincewa da auren farko, amma ba ta amincewa da na biyu matuƙar na farkon yana nan. Tunda ƙara aure a kan aure laifi ne a dokar ƙasar, abokinku ya zauna da lauyan da ya san dokar iyali ta Ayalan kafin ya aika da kowace takarda.

Maman Ilham, Manchester

Ina so in ja hankalin Hajiya kan abin da fasfon yake bayarwa da wanda ba ya bayarwa, domin dangi sukan ɗora masa buri fiye da ƙarfinsa. Mai shi yana iya zama ya yi aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, kuma saboda tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga tsakanin Ayalan da Birtaniya yana iya zama a nan Ingila ma ba tare da biza ba, abin da Bafaranshe ko Bajamushe ya rasa bayan ficewar Birtaniya. Amma rangwamen kuɗin jami'a yana bin zama ne, sai ɗalibi ya yi shekara uku cikin biyar na ƙarshe a yankin Turai ko Birtaniya, don haka yaron da ya tashi a Abuja ba zai shiga tsarin karatu kyauta don fasfo kawai ba. Ɗan ƙasar da ke zaune a waje ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar wakilai ko na shugaban ƙasa. Mijin 'yarku kuma ba ya samun komai kai tsaye ta hanyar aure, an rufe wannan hanya tun Nuwamban 2005, yanzu sai an yi shekara uku da aure kuma ya zauna a tsibirin shekara uku.

Batun riƙe fasfo biyu ba matsala ba ne tsakanin Ayalan da Najeriya, domin sashe na 28 na kundinmu ya bar wa ɗan ƙasa na haihuwa wannan dama, Ghana ma ta yarda. 'Yan'uwanmu na Kamaru ne ya kamata su yi hattara, dokarsu ba ta amince da ƙasa biyu ga baligi ba.

Hajiya Rabi, Kaduna

Allah ya saka wa kowa da alheri, na tura wa surukaina bayanin gaba ɗaya. Saura abu ɗaya: ƙannenta biyu da na haifa a Kaduna bayan mun dawo, ko kasancewar yayarsu 'yar ƙasa zai amfane su da wani abu?

Malam Nasiru, Limerick

A'a Hajiya, gadon daga sama yake gangarowa zuwa ƙasa, ba ya ratsawa tsakanin 'yan'uwa, kuma ba ya hawa daga 'ya zuwa iyaye. Tunda ku da mahaifinsu ba ku karɓi takardar ƙasar ba kafin ku dawo, su biyun biza za su nema kamar kowane ɗan Najeriya idan suna son ziyartar ƙasar ko karatu a can.